Maganin matsi da ya narke ya sake daskarewa, zai yi aiki?

Malam, ka ce maganin da ake sakawa ta dubura ya narke saboda zafi, ka sa shi a firiji ya daskare, kana tambaya ko yana nan yadda yake. Gaskiya ba lallai ba ne.

Irin wannan magani galibi a cikin kitse ake cuɗa shi, sau da yawa man koko da ake yin cakulan da shi, wanda ke narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jiki mai digiri 37. Sai kitsen ya narke sannan maganin ya fita. To kitse kan daskare ta siga fiye da ɗaya, kowace da nata zafin narkewa. Idan ya narke ya sake haɗuwa, sigar na iya canzawa, ƙwayoyin maganin kuma su taru a gefe ɗaya. Ko bai narke ba ma, daɗewa a ajiye kan sa wani kitsen ya ƙara tauri, ya yi jinkirin sakin maganin. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa mutane ke ruɗuwa.

Kafso mai taushi ma haka: zafi da danshi na sa ɓawonsa ya ƙi narkewa da wuri.

Kada ka sa a firiza, kada ka bar shi a mota ko banɗaki, ka bi abin da kwalin ya ce. Wanda ke hannunka kuwa, ka nuna wa mai harhaɗa magani kafin amfani, musamman in na yaro ne ko na farfaɗiya.