Jibi, hadaya da kalmar "ci": amsoshin tambayoyinku na wannan mako

Wani ɗalibi daga Bukuru ya tambaya ko "jibi" da ke cikin "Jibin Ubangiji" shi ne jibin da ke bin gobe.

Ba shi ba ne. Rubutu ne ya haɗa su, amma karin sautinsu daban. Jibin da ake nufi a nan abinci ne da ake zama a ci, kuma masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, sun dace da suka ɗauko wannan tsohuwar kalma domin abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa a lokacin Idin Ƙetarewa.

Wata malamar makaranta daga Tudun Wada ta rubuto cikin ɓacin rai. Ta ce wani ya wallafa a Facebook cewa Kirista suna "cin naman mutum, suna shan jini" a coci, ya ƙara da cewa wannan ai maita ce. Tana son sanin ko harshen Hausa ya ba shi wannan dama.

Malama, zargin nan ya girmi Facebook da kusan shekara 1900. A wajajen 112, Filini, gwamnan Rumawa a Bitiniya, ya binciki Kirista, ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa abin da suke haɗuwa su ci abinci ne na yau da kullum marar cutarwa. A 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yanzu, an kashe Kirista da dama, kuma cin naman mutane na cikin laifuffukan da aka ɗora musu. Tun kafin nan ma, a Yohanna sura 6, da Yesu ya yi maganar cin namansa da shan jininsa, wasu daga cikin almajiransa sun ce maganar ta yi musu tsauri, suka ja da baya. Saboda haka ba zan ce miki maganar ba ta da nauyi a kunne ba. Tana da shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Bahaushe, cikin dukkan jama'a, ya nuna kamar bai san faɗin kalmar "ci" ba. Mu ne masu cin kasuwa, masu cin sarauta, masu cin gado da cin jarrabawa. Ana cin amana, ana cin mutunci, ana cin bashi, kuma ba a taɓa ganin wanda ya nemi tsinken sakace bayan ya ci riba ba. "Sha" ma haka take: mun sha wahala, mun sha alwashi, mun sha iska. Na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa wanda ya ƙware a waɗannan aikatau biyu ya ci rabin Hausa, domin a cikinsu akwai mallaka, akwai shiga cikin abu har ya zama naka, akwai ɗaukar nauyinsa. Da ake cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ai cin ne ya ƙulla alkawarin. To, Yesu da kansa ya kira ƙoƙon da ya miƙa wa almajiransa a wajen jibin nan sabon alkawari a cikin jininsa.

Sai dai adalci ya sa in ƙara da cewa ba dukkan Kirista ne za su yarda a tsaya a kan salon magana kawai ba. Katolika sun gaskata cewa gurasar da ruwan inabin suna zama jiki da jinin Almasihu na hakika, ko da yake kama da ɗanɗano ba sa canzawa, kuma majalisar Lateran ta 1215 da ta Tirent a 1551 sun tabbatar da wannan koyarwa. Luta da Zuwingili, jagororin Furotesta na farko, sun zauna a Marbug ta ƙasar Jamus a 1529, suka tashi baran-baran a kan ma'anar "wannan jikina ne". A majami'un ECWA da COCIN, waɗanda hedikwatarsu ke nan Jos, an fi ba da ƙarfi ga "ku yi wannan domin tunawa da ni". Na sha ganin yadda ake yi: dattawa na zagawa da faranti ɗauke da gutsattsarin burodi da 'yan ƙananan kofuna, kowa ya ɗauki nasa ya riƙe, tsohuwa ta sunkuyar da kai har ɗankwalinta ya kusa taɓa bencin gaba, ba ka jin ko tari sai fasto ya ce a ci tare.

Ita kuwa "maita", kalma ce mai iyaka sananniya. Maye yana kama kurwar wanda bai sani ba, bai yarda ba, a ɓoye, domin ya halaka shi. Abin da Kirista na kowace ɗarika ke faɗi shi ne mai jikin ne ya miƙa shi da kansa, a fili, domin masu ci su rayu. Mutum na da ikon ya ƙi wannan imani, kuma maƙwabtanmu Musulmi, da ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, suna faɗin matsayinsu ba tare da zagi ba. Amma wanda ya kira shi maita ya yi wa kalmar amfani na ganganci, kuma a garin Jos, da ya ga rikicin da ya gani tun 2001, kowa ya san baki shi ke yanka wuya.

Wani daga Anguwar Rogo ya nemi bambancin hadaya, layya da tsafi.

Biyun farko aro ne daga Larabci. Layya yankan Babbar Salla ce, hadaya kuwa a bakin Musulmi yankan mahajjaci ne a Mina, a bakin Kirista kuma ta haɗa da yanke-yanken Tsohon Alkawari da mutuwar Yesu, wanda Yahaya Mai Baftisma ya kira Ɗan Rago na Allah. Masu sukar da ke cewa wannan "tsafi ne da ɗan mutum", ko kuwa uba ne ya yanka ɗansa, suna tsallake abu biyu da Kirista ke dagewa a kai: cewa shi ya ba da ransa da yardarsa, da kuma cewa hadayar sau ɗaya tak aka yi ta, kamar yadda Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 10 ta ce, har ta rufe ƙofar kowane irin yanka a bagade. Tsafi kuwa ciniki ne, ana zubar da jini domin a biya wata bukata, a koma a sake idan ba ta biya ba.

An kuma tambaya ko "baiko" da "sadaka" ɗaya ne. A coci baiko ake sakawa a kwano ranar Lahadi, sadaka kuwa mabukaci ake miƙa wa.