Begila, shirun minti biyu da ƙyallen kakanki

'Yata, saƙonki ya iso. Kin tambaye ni dalilin da tsofaffin abokan aikin kakanki suka busa begila suka yi tsit a taron tunawa da shi, da kuma dalilin da suka shimfiɗa wani tsohon farin ƙyalle a kan tebur, alhali ga lambobin yabonsa a akwati ba wanda ya waiwaye su. Kin ce ke malamin asibiti kika sani, ba soja ba. Da gaskiyarki, kin zo duniya ya riga ya tuɓe kaki.

Begilar daga barikin sojan Ingila ta fito. Da dare in hafsa ya gama zagayen masu gadi, sai a busa, kowa ya san aikin yini ya ƙare. Daga baya aka mai da ita busar ban kwana ga sojan da ya rasu. A garin Ypres na Beljiyam tun 1928 ake busa ta kullum da ƙarfe takwas na dare, ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin. Shirun kuma gadon Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. An tsagaita wuta da ƙarfe 11 na safe, ranar 11 ga Nuwamba 1918, da shekara ta zagayo Sarki George na Biyar na Ingila ya nemi jama'a su tsaya cik na minti biyu. Na lura kin ɗan tsargu a wurin taron. Ba wanda ya ce ki bauta wa kowa. Ni dai a cikin shirun nan gafara nake nema wa Baba.

Ƙyallen ne maganar. Shi yake ɗaurawa a dantsen hagu a fagen daga, kuma jar alamar da ta kusa koɗewa a jikinsa tana da tarihi. A 1859 wani ɗan kasuwa ɗan Suwizalan, Henri Dunant, ya iso Solferino a arewacin Italiya bayan an gwabza, ya tarar da dubban sojoji kwance da raunuka ba mai ba su ko ruwa. Ya tara matan yankin suka yi jinyar kowa, ba su tambayi ɓangarensa ba. Daga nan aka kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross a 1863, aka sa hannu kan yarjejeniyar Geneva ta farko, ta kare sojojin da suka ji rauni da masu jinyarsu, a 1864. Alamar kanta, jan kuros a kan fari, tutar Suwizalan ce aka juya launinta. Daular Usmaniyya ta zaɓi jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha na shekarun 1870, aka amince da shi a hukumance a 1929. Ƙa'idar ita ce mai wannan ƙyalle ba a harbinsa, shi kuma ba ya kai hari. Ko ƙaramar bindiga ya riƙe, don kare kansa da majinyatansa ce kawai. Sannan dole ya duba abokin gaba kamar yadda zai duba nasa. Ana karya ƙa'idar, ba zan ɓoye miki ba, kuma shi ya sa waɗanda suka riƙe ta suke da daraja a idon 'yan uwansu.

Baba bai cika labarin yaƙi ba. Amma duk wanda ya gan shi a bakin aiki ya ga soja. Ina yaro nakan kai masa saƙo asibiti. Zai fito ya tsaya a bakin ƙofa, hannayensa a baya, ya bi layin marasa lafiya da ido. Sai ya wuce mai ihu, ya wuce mai babbar riga, ya durƙusa gaban wani da ya yi lamo a lungu, ya taɓa wuyansa, ya buɗe fatar idonsa, ya ce a shigo da shi. Wata rana wani mai hali ya yi ta faɗa, wai shi ya riga zuwa. Baba ya ce masa mai ihu yana da sauran numfashi, ya juya abinsa. Sai da na girma na san cewa wannan tsarin, na farawa da wanda ya fi jigata ko da kurtu ne a bar janar ya jira, ana danganta shi da Larrey, likitan rundunar Napoleon. Baba bai taɓa ambata mini sunan ba. Yi kawai yake.

Tsohon sajen da kika ga yana share hawaye da hularsa, Baba ne ya goyo shi daga inda ya faɗi. Shi ya roƙe ni in fito da ƙyallen, ya ce lambar yabo kowa ma yana da ita.

Ƙyallen yana nan a ƙasan akwatin, naɗe cikin tsohuwar takardar sallamarsa. Tunda ke kika bi layin jinya a gidan nan, in kin zo hutu ki tuna mini in ba ki. Kada dai ki wanke shi, zaren ya riga ya ruɓe. Ki gaida mamanki.