Yayana ya samo mini Camry mai shan baƙin mai, in tura kuɗin?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Gwale ne, shekarata biyar a Jidda ina aiki a shagon kayan gini, igamata lafiya lau. Na ɗan tara abin da Allah ya hore, ina son sayen motata ta farko a gida, a riƙa kai Hajiyarmu asibiti, ni ma in na zo hutu in huta da adaidaita sahu. Yayana ya ce wani dillali abokinsa ya samo Camry 2008, wadda ake ce wa Muscle, 'yar Beljiyam ce, ba a taɓa hawanta a Najeriya ba. Aibinta ɗaya, wai tana ɗan shan baƙin mai, amma dillalin ya ce duk Camry haka suke. Suna so in turo rabin kuɗin kafin Juma'a, don akwai wani Alhaji da ke nemanta. Takardu kuma za a yi su da sunan Yaya tunda ba na nan. Da na ce a dakata, sai Hajiya ta kira ni tana faɗa, wai ina zargin ɗan uwana, ga bikin ƙanwarmu bayan Sallah, tana so a ɗauki amarya a motar gida. Kwana uku ban yi barcin kirki ba.

— Ɗan Gwale a Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka tura ko sisi kafin Juma'ar nan. Alhajin da ke nemanta, in har akwai shi, Allah ya sanya masa albarka. Na daɗe ina karɓar wasiƙun 'yan ci-rani, kuma wannan Alhajin yana cikin kusan kowace wasiƙa. Bai taɓa sayen mota ba, aikinsa kawai ya tsaya a bayan ƙofa ya sa mai kuɗi gaggawa.

Sake karanta abin da ka rubuto mini. An ce ba a taɓa hawan motar a Najeriya ba, an kuma ce tana shan baƙin mai. To ta yaya aka sani? Shan baƙin mai ba a gane shi a filin sayar da motoci, sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ana zaro sandar awo ana dubawa. Ɗaya cikin biyu ne: ko dai wani ya more ta a nan har ya gaji da ƙara mata mai, aka wanke ta aka cire lamba aka mayar da ita 'yar Beljiyam, ko kuma hayaƙin da take yi ya kai yadda ba ya ɓoyuwa, shi ya sa dillalin ya riga ka faɗa. Dillali ba ya ambaton aibi don Allah sai wanda ya san za a gani. In ya ce "ɗan sha", kai ka ji "sha".

Maganar cewa duk Camry haka suke ƙarya ce da aka gina a kan gaskiya. Gaskiyar ita ce, Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, kuma an san wannan injin da matsalar ringin fistin. Ringin da ke share mai daga bangon silinda yana toshewa da dauɗa, sai man ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Kamfanin Toyota da kansa ya amsa wannan a Amurka, ya sa ma'auni: injin da ya sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, a canza masa fistin da ringi. Wancan gyaran na kyauta wa'adinsa ya wuce tuni, kuma dama bai taɓa isowa Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ba. Daga samfurin 2010 suka sa wani injin dabam mai lita 2.5. Ka ga ashe ba ɗabi'ar Camry ba ce, ciwon wasu shekaru ne, kuma motar da aka samo maka tana tsakiyarsu. Ba kowace 2008 ce ke da ciwon ba, amma taka an riga an gaya maka tana da shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin man ba ne. Injin nan duka-duka man da yake ɗauka bai fi lita huɗu da 'yan kai ba. Mota mai sha tana rayuwa ne a hannun mai ita, mutumin da zai buɗe bonet duk mako ya duba. Kai kana Jidda. Wa zai duba? Yayanka zai hau, ƙanenku zai ara, wani ɗan maƙwabta zai kai mara lafiya Asibitin Murtala, kowa yana zaton wani ya duba. Fitilar mai da ke kan dashbod ba ta gaya maka man ya ragu, sai ƙarfin tura shi ya faɗi take kamawa, kuma a lokacin ɓarna ta riga ta fara. Ƙara da zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40, da cunkoson Kurna da Bata inda inji ke ta aiki mota ba ta motsi, da ƙurar hunturu da ke cika matatar iska. Wata rana za a kira ka a ce injin ya buga a hanyar Zariya, a turo kuɗin wani. Kai za ka biya, ba dillali ba.

Na ga irin wannan da idona. Wani yaro da ke aiki a Italiya ya turo kuɗi aka saya masa mota ta hannun abokin ƙanin babansa. Ranar da aka je gani injin shiru kamar sabo, babu hayaƙi. Ashe an cika shi da mai mai kauri, 20W-50, an ƙara wani sinadari mai danƙo kamar zuma a kai, aka kuma ɗumama injin kafin masu saye su iso. Da aka yi juyen farko aka zuba man da ya dace, sai salansa ta fara feshin shuɗin hayaƙi. Da aka koma wa dillalin sai ya ce ai an gani an yarda. Yaron bai ma taɓa zama a cikinta ba ya biya kuɗin sauke inji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, amma ba duk mai sayar da mota ne wannan hadisin ke hana wa barci ba.

Saboda haka ga abin da za ka nema, kuma duk kana iya yinsa daga inda kake. Ka ce a turo maka hoton lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da wadda ke jikin ƙofa. Dole su zo ɗaya. Ta goma a jerin ita ke faɗin shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010. Wannan yana da amfani domin a garin nan ana canza wa mota fitilu da bamba a ƙara mata shekaru, a ƙara kuɗi. In daga Amurka ta fito, ka biya ɗan kuɗi kaɗan ka ciro tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motocin can, za ka ga mil nawa ta yi kafin a mayar da agogon baya, da ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Dillalin da ya hana ka lambar shasi ya gama ba ka amsa.

Sannan ka ɗauki bakanike naka, wanda kai za ka biya, wanda bai san dillalin ba, bai kuma ci abinci gidan Yaya ba. Ya je da sassafe ya dafa injin ya ji shi da sanyi kafin a tayar, kai kuma kana kallo ta bidiyon WhatsApp. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga, gasket ke nan. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Ya kwance fulogogi ya ga ko sun jiƙe da mai, ya buɗe murfin zuba mai ya leƙa, ya auna kwamfureshin, wato ƙarfin matsi, na kowace silinda, ya shiga ƙasa ya duba ko yoyo ne. Yoyo da sauƙi, sau da yawa roba ce ko gasket. Ƙonewa ita ce mai cin kuɗi. Ya kuma duba ko an sace mata abin nan na cikin salansa da bakanikai ke kira indomi, don motoci da yawa tun daga tashar jirgin ruwa ake raba su da shi. Rashin hayaƙi ma ba shaida ba ce, domin abin nan yana cinye wani kaso na hayaƙin kafin ya fito.

In da ni ne, da na bar ta gaba ɗaya. Motar farko da za a bari a hannun jama'a, ƙarama ake nema mai haƙuri: Corolla ta 2005 zuwa 2008, ko Vibe, wadda Toyota ce a ciki, kayanta na nan birjik a Ƙofar Ruwa kuma duk wani bakanike a Kano ya san cikinta. In ranka na kan Camry, nemi 2010 ko 2011 ta gaske. Kada a ja ka zuwa mai silinda shida. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu irinsu da yawa suka jingine su a gida.

Takardar kwastan kuma ba a karɓarta da ido. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin Kwatano ba su daina biyowa ta Nijar ba, da takardun da aka buga a shago. Wanda ka amince da shi ya ɗauki takardar ya je ofishin kwastan na Kano da Jigawa a Bompai a tantance ta da lambar shasin. Motar da diyutinta bai cika ba, ranar da aka tare ta a hanya babu ruwan kowa da cewa kai ma saya ka yi. Kuɗi kuwa, ka san wannan: ta banki, zuwa asusun mai motar da sunansa ke kan rasit, ba ta hannun ɗan canji a Wapa zuwa aljihun dillali ba.

Yanzu maganar gida, wadda na san ita ce ta hana ka barci, ba ringin fistin ba. Ban ce Yayanka macuci ba ne. Mai yiwuwa shi ma an yi masa daɗin baki, mai yiwuwa kuma akwai la'adarsa a ciki, wanda ba laifi ba ne in ya faɗa maka. Amma sanya sunansa a takardar motar da guminka ya saya, wannan ban yarda da shi ba, kuma rashin kasancewarka a gari ba hujja ba ce. Rasit da yarjejeniyar ciniki ana rubuta su da sunan wanda ba ya wurin, wakili ya sa hannu a madadinsa, da shaidu biyu. Rai na hannun Allah. In ta Allah ta kasance a kan Yaya gobe, motar da ke da sunansa gadon 'ya'yansa ce, kai kuma sai ka tsaya gaban alƙali kana jayayya da marayu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba ɓarayi ba. Wanda ya ce rubutu zargi ne, ka karanta masa ita.

Abin da ke ba ni haushi da gidajenmu shi ne yadda ake ɗaukar kuɗin ɗan ci-rani kamar ruwan sama. Ba wanda ya ga kana sauke buhunan siminti a zafin Jidda, ba wanda ya san zamanka a can yana rataye ne da kafili da sabunta igama, kuma kwangila na iya ƙarewa a ba ka huruj, wato takardar barin ƙasar, ka dawo da jaka ɗaya. Shekara biyar ka tara, ana so ka yanke shawara cikin kwana uku saboda ɗaukar amarya na yini ɗaya. Amare nawa aka kai ɗakinsu a Gwale cikin motar aro, auren kuma ya yi albarka?

Hajiya kuwa uwa ce, ba a yi mata gardama, lallashinta ake yi. Kira ta da kanka bayan sallar isha'i, lokacin da Yaya ba ya kusa. Kada ka ambaci dillali, kada ka ambaci zargi. Ce mata motar domin ita za ka saya, kuma ba za ka iya kwanciya ba in ka san mota mai ciwo ce za ta ɗauke ta zuwa asibiti cikin dare. Ce mata kuɗin hayar motocin biki yana wuyanka, ka kuma tura shi da wuri don ta ga ba rowa ba ce. Shi kuma Yaya ka ce masa ka gode da ɗawainiya, ka ba shi aikin raka bakaniken, don kada ya ji an ture shi gefe.

In abin da ya rage ka zo hutu bai fi wata shida ba, riƙe kuɗinka ka zo ka saya da idonka, cinikin biri a sama ya isa haka. In kuma sun turo lambar shasin kafin nan, aiko mini da ita in duba maka.