Filin Amsoshinku: Ɗaukar Nauyin Karatun Maraya a Damagaram

Tambaya: Mu mata goma sha biyu ne a zumuntar matan ikilisiyarmu, nan Zinder. Wani ɗan'uwa ya rasu ya bar yara biyu, muna so mu saka su lakwal ta mishan. Ta ina za mu fara?

Amsa: Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu mata. Kafin maganar kuɗi, ku fara da takarda. Ku tambayi uwar yaran ko suna da takardar haihuwa. Idan ba a yi musu ba a kan lokaci, sai an bi ta wajen alƙali an samo hukuncin da ke maye gurbinta, kuma wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. Sau da yawa yaro kan yi shekaru a aji lafiya lau, sai lokacin tara takardun jarabawa a ce ba takardarsa. Na biyu, ku san wanda dangi suka amince ya riƙe yaran. Ku zauna da shi, da uwar, da fasto ko dattijon ikilisiya guda, a rubuta abin da kuka ɗauka da abin da ya rage a wuyan dangi.

Sai lissafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin makaranta kawai a ce an gama. Ku je wajen darakta tun watan Yuli, ba ranar komawa aji a Oktoba ba, ku karɓi farashin shekara a rubuce: kuɗin rajista, kuɗin karatu, da ranakun da ake biyan kowane kashi. A kan wannan ku ɗora tufafin makaranta kafa biyu, takalmi, jaka, allo da alli ga 'yan CI da CP (aji ɗaya da aji biyu na firamare), littattafan rubutu da biro ga na gaba, da ɗan abin da yaro zai sa a baki lokacin hutun safe. Wannan na ƙarshen shi ake rainawa, alhali yaron da ya fito gida bai sha ko koko ba, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya kifa kai a tebur. In kun haɗa jimla, ku ƙara kashi ɗaya cikin goma ku ajiye gefe. Zazzaɓin cizon sauro yana tsananta ne daidai ƙarshen damina, lokacin komawa aji, kuma maganin yaro ba ya jiran ranar zubi.

Firamare shekara 6 ce, daga CI zuwa CM2 (aji shida), kwaleji 4 har BEPC, jarabawar kammala kwaleji. In ƙarfinku bai kai yara biyu na shekara 6 ba, ku gaya wa dangi tun yanzu, a bar ɗaya a lakwal ta gwamnati ku riƙa saya masa kayan aiki. Ya fi a cire yaro a CE2 (aji huɗu) don asusu ya ƙare.

Wani abu kuma: lakwal ta mishan tsarin karatun gwamnati take bi, kuma yaran Musulmi da yawa suna cikinta. Kada ku ɗauka biyan kuɗi ya sauke muku tarbiyyar bangaskiya. Wannan tana gida da makarantar Lahadi. Ku saya wa kowanne Littafi Mai Tsarki na Hausa, ku ba mace ɗaya a cikinku aikin zuwa gidan sau biyu a wata. Yaƙub 1:27 ziyarar marayu ya ambata, kuma da ziyarar ce za a gane ko yarinya tana makara ne don ita ake tura wa neman ruwa da asuba. Duk ɗan Zinder ya san abin da layin famfo ke yi wa safiya a lokacin zafi.

Tambaya: Ina aiki a Kwatano. Shekara biyu ina aiko wa kawun wani maraya kuɗi, yanzu na ji yaron yana tura baro a kasuwar Dole. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin cewa an ci amana. Kuɗin da ya shiga gida a watan Agusta, rumbu babu hatsi, tukunya zai nufa. Gyara hanyar. Kuɗin karatu ya tafi hannun makaranta kai tsaye, a ɗauki hoton rasit a turo maka ta WhatsApp. Kayan aiki a saye su a ba yaro, kada a ba da kuɗinsu. In kana da hali, ka ware wa gidan 'yan tiyoyin hatsi daban, don baron nan wataƙila shi ke kawo cefane. Ka nemi takardar sakamako duk bayan jarabawa. Kafin a mayar da shi aji, malami ya gwada karatunsa; in ya manta, ya maimaita ajin, ba abin kunya ba ne.

Tambaya: Marainiyar maƙwabcinmu ce, danginta Musulmi ne. Ya halatta mu ɗauki nauyinta?

Amsa: Ƙwarai, amma da yardar mai riƙonta, a fili, gaban mai unguwa. Ku faɗa masa wace makaranta ce da abin da ake koyarwa a ciki. Kada ku ɗaura taimakon a kan zuwa coci, kada ku kai ta makarantar Lahadi a ɓoye, kuma ku bar ta a gidansu. Wanda ya ga yadda aka ƙona majami'u a garin nan ranar 16 ga Janairu 2015 ya san tsadar zargi. In dangi sun fi son lakwal ta gwamnati da makarantar allo da yamma, ku saya mata littattafai da takalmi, ku biya can.