Basira, na'ura da kayan aro

Wata malamar makaranta ta turo tambaya, tace tunda ɗalibanta suka fara amfani da ChatGPT, manhajar da ake yiwa tambaya ta rubuto amsa, kullum take jin ana cewa "ƙirƙirarriyar basira", wai anya kalmar ta dace kuwa?

Toh Malama, basira kalma ce da muka aro daga Larabci, tushenta ɗaya da basar wato gani, shiyasa idan akace yaro nada basira ana nufin yana gani da idon zuci, ka bashi kaɗan ya gano sauran da kansa. Ƙirƙirarriya kuma ita ce wadda aka ƙera, ba'a haifeta da mutum ba. Sunan a Turance, wato artificial intelligence, masanin kwamfuta John McCarthy ne ya raɗa shi a 1955 a Amurka, namu fassara ce ta biyo baya. Ni dai na yarda da ita amma da sharaɗi, kar a manta da kalmar farko, domin manhajar nan abinda takeyi shine ta tattaro rubutun da mutane sukayi ta riƙa hasashen kalmar da zata biyo baya, wani lokaci ma ta faɗi ƙarya da cikakkiyar natsuwa. Ita kanta na'ura ai asalinta a Larabci abin ɗebo ruwa ne mai juyawa, kinga kenan ɗebowa takeyi ba haƙa rijiyar ba.

Wani ɗalibi kuma ya tambayi ma'anar "kayan aro baya rufe katara", yace malaminsu ne ya rubuta masa a ƙasan aikin gida. Ɗana, katara ita ce gefen cinya daga sama kusa da ƙugu. Tufar aro ba don jikinka aka ɗinka ta ba, dole wani wuri ya fito, kuma mai ita zai karɓe abinsa. Malaminka ya gane kwafowa kayi, kuma wallahi ganewa bata da wuya, rubutun yayi kyau amma a tambayeka ma'anar layi ɗaya kayi shiru. Ni ban hana amfani da ChatGPT ba, ka tambayeta ta warware maka abinda ya shige maka duhu, ta baka misalai, sannan ka rufe wayar ka rubuta da hannunka. Ƙananan yara kuma a kula dasu, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ma a 2023 shekara 13 ta bada shawara a matsayin mafi ƙarancin shekarun fara amfani da irin wannan manhaja a aji.