Mijina ba ya da cutar, kuma ya gaji da roba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da aka gano ina da ƙwayar cutar sida, ina shan magani kullum. An auna maigidana, shi lafiyarsa lau. Yanzu ya ce ya gaji da kororon roba, sau biyu yana tsagewa. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Kafin a yi gardamar roba, ki koma likita ki nemi awon yawan ƙwayar cutar cikin jini, wanda ma'aikata ke ce wa sharj biral. Mai shan magani ba fashi, galibi cikin wata 6 ƙwayar kan kwanta. In awon ya nuna ƙasa da 200 a kowane mililita, kuma kika ci gaba da sha yadda aka ce, ba za ki sa wa maigida cutar ta hanyar kwanciya ba. Takardar awon ce hujja. Ƙiba ko hasken fata ba su nuna komai. Muddin ba ki riƙe wannan takarda a hannu ba, roba dole ce.

Batun tsagewa kuwa, da wuya laifin ya zama na robar. Cikin abubuwan da ke kashe ta a gidajenmu akwai mai: basilin, man kaɗe, man gyaɗa, man shafawa. Cikin ƴan mintoci suke cinye ta, ta yi rauni. In akwai bushewa, ku nemi ruwan santsi na farmasi wanda aka haɗa da ruwa. Sai zafi. Fakitin da ya daɗe a aljihun wando ko ƙarƙashin sirdin babur cikin zafin ranar Afrilu ta Tawa zai iya lalacewa, ko kwanan watansa bai wuce ba. Ki matsa fakitin da yatsa. In ba ki ji iska ciki ba, a yar. Kada a buɗe da haƙori. A matse ɗan kan robar iska ta fita, a warware har gindi tun kafin jiki ya taɓa jiki, a riƙe bakinta wajen fitowa. Masu sa biyu don "ƙarin tsaro" su ke jawo tsagewa, gogayya ce.

In ta sake tsagewa kafin ki san sakamakon awonki, maigida ya je likita a ranar. Akwai maganin kariya na kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72. Akwai kuma robar mata wadda ke kanki za ki sa tun da wuri. Ba a haɗa ta da ta namiji.

Ko da ƙwayar ta kwanta, maganinki ba ya hana ciki, ba ya tare ciwon sanyi ko tunjere. In kuna son haihuwa, ku faɗa wa ungozoma tun kafin cikin ya shiga.

TAMBAYA: Ni da mijina duk muna da cutar. Roba ta mece ce kuma? Daga Yamai.

AMSA: In ku biyun kuna shan magani kuma awonku ya nuna ƙwayar ta kwanta, amfaninta ya rage ga tazarar haihuwa da sauran cututtukan kwanciya. Amma in ɗayanku yana tsallake magani, zai iya kawo wa ɗayan nau'in ƙwayar da ta bijire wa magani. Ku tafi awo tare, kowa ya ga takardar ɗan'uwansa.