Tambaya da Amsa: Anti, me ya sa kalar shaddata ke canzawa a hoto?

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ina saro atamfa da shadda ne a Kantin Kwari ina sayarwa daga gida, a WhatsApp da Instagram nake talla. Hoton ne ke ba ni ciwon kai wallahi, satin da ya wuce wata kwastoma ta dawo min da shadda wai ita ruwan toka ta gani a hoto sai ga mai shuɗi-shuɗi an kawo mata, har kuɗin ɗan sahu ni na biya zuwa da dawowa. Wayata Tecno ce ta ɗan kwana biyu, ko dai sai na sayi iPhone ne?
Daga wata mai karatu, Hotoro, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kuɗin iPhone ɗin nan ki zuba shi a jari, Tecno ɗinki ba ta yi laifin komai ba. Ko ba ki faɗa ba na san da daddare kika ɗau hoton nan, bayan yara sun yi barci, kin shimfiɗa shaddar a kan gado ƙarƙashin ƙwan lantarki. To ƙwan da haskensa ke da ɗorawa-ɗorawa kashe shuɗi yake ya mai da shi kamar toka, ita kuma kyamarar waya kintace take yi wajen gane mene ne fari a gabanta, in ta kintata ba daidai ba duk sauran kalolin sai su bi ta su ɓata. Kwastomarki ba ƙarya ta yi ba.

Ki fito da kayan baranda ko bakin taga, wajen ƙarfe 8 zuwa 10 na safe ko bayan la'asar, a inuwa fa, ba cikin rana tsaka ba, don shadda da ta sha bugu ƙyalli take yi kamar madubi, rana na dukanta zanen ya ɓace sai fari fat. Ki kashe ƙwan ɗaki, ki kashe fulash, haske iri biyu ba sa shiri. Ki samu farin kwali guda biyu a shagon masu littattafan makaranta, ɗaya ki shimfiɗa a ƙasa ɗaya ki jingina ta gefen da ya yi duhu ya dawo miki da haske. Zanin gadon nan mai fulawa kuwa don Allah a bar shi a gado, atamfa da kanta ta isa surutu.

Kafin ki danna ki goge idon kyamarar da gefen mayafinki, rabin hotunan da nake gani sun yi hazo ba komai ba ne illa hannun da ya taɓa man girki. Sai ki taɓa kan kayan a sikirin, wata 'yar alamar rana za ta fito, ki ja ta ƙasa kaɗan har sai abin da ke waya ya yi daidai da abin da ke hannunki. Kar ki zuƙo hoton da yatsu, ki matsa da ƙafarki. A ɗauka a ninke ana ganin tambarin, a warware zanen ya fito, sannan ɗan bidiyo kina juya shaddar a hannu. Filta mai canza kalar hoto kuma babu, ita ce ke jawo rigimar nan ta "ba wannan na gani ba".

WhatsApp matse hoto yake, amma tun 2023 akwai maɓallin HD mai rage matsewar a sama in za ki tura wa mutum, ki riƙa dannawa.

Anti ni kuma humra nake haɗawa, kullum sai na ga kaina da wayata a jikin kwalbar.
Daga Zinder

Haha, ai mun sha ganinku har da kallabi. Ki sa hasken taga ya shigo ta bayan kwalbar ko ta gefe, ki ɗan ja baya, kuma ki sa kaya masu duhu ranar ɗaukar hoto, farin hijabi shi ya fi fitowa a gilashi.